Na Ji Sunanka a Rediyo, Asumana

Zuwa ga ɗana Asumana, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, a Madawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zali da 'yar jaririyarku. Innarka na gaishe ku da kyau. Allah Ya tsare ku daga abin da muke gani da wanda ba mu gani.

Labarin gida sai wani lokaci. Abu biyu sunka same ni cikin kwana uku, kuma har yanzu da nake wanga rubutu jikina bai gama dawowa daidai ba.

Ran Talata bayan la'asar ina bisa keken ɗinki, ina haɗa wuyan riga, rediyo na rataye wurin da ka san shi. Ana shirin karanta wasiƙun masu saurare. Sai na ji mai karatu ya ce, wasiƙa ta gaba daga Mushe Asumana Hamidu, Madawa, jihar Tawa. Ƙafata ta sauka daga keke ban sani ba. Na ji kana maida ma wani mutum amsa, wanda ya ce wai malaman lakwal ba su iya komi ba sai yajin aiki. Ka ce mashi jahili, wanda ko sunanshi sai an rubuta mashi. Ka ce manyan da ke zaune cikin biro, wato ofis, suna jefa ɗan talaka bakin duniya, su bar 'ya'yan 'yan fartinsu na siyasa cikin gari. Mutanen da ke rumfa sunka yi dariya, wani ya ce mani, "Malam Hamidu, ɗan naka ya fi ka baki." Ni ban iya dariya ba. Na rufe shago tun rana ba ta faɗi ba.

Ran Alhamis kuma direban motar Madawa ya miƙo mani takardarka. Na karanta cewa an maida ka wani ƙauye gaba da Gigimi, kuma sai ka isa kafin a buɗe lakwal. Na karanta lissafinka na kuɗin mota da na kaya, da albashin da har yau bai fito ba, da yadda komi ya yi tsada tun da anka karya darajar kuɗin sefa. Duk wannan na gane shi, mu ma nan Buza haka muke. Amma da na zo layin da ka ce ka yi magana da wani mai sayen albasa, za ka saida mashi rabon da na ba ka cikin garkar Tama don ka kwashe iyali da kaya a tafiya guda, sai da na karanta shi sau uku. Na zaci idona ne.

Ba faɗa zan yi maka ba, don ba ni da bakin yin shi. Abubuwan nan biyu duk na riga ka aikata su, kuma nawa sun fi naka muni. Zan faɗa maka yadda sunka faru. Na farkon ban taɓa gaya ma kowa shi duka ba.

Shekarar babban fari, kana da shekara uku, ƙanwarka A'i na goye, watanta tara. Muna Tama lokacin. Gero bai yi ba, ɗinki ya tsaya, don wanda bai ci ba ba ya ɗinka riga. Na yanke shawarar mu koma Abijan, inda anka ce tela ba ya kwana da yunwa. Ina da aboki, Bulus, wanda munka yi lakwal tare, Kirista ne, yana aiki a asibitin mishan. Na biya wurinshi in yi bankwana. Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya ce, "Hamidu, tafi kai ɗaya. Ka bar mace da yara wurin tsohuwa. In ka samu wurin zama, ka aiko su taho." Na ce mashi ni ba na cikin mazan da ke tsere ma iyali lokacin yunwa. Ya ce, "Hanyar da nisa, kuma jaririya ce." Na ce Allah na nan. Ya ba ni ƙwayoyin zazzaɓi cikin takarda, munka rabu.

Maganar da na faɗa mashi mai daɗin ji ce, amma ba ita ce gaskiyar zuciyata ba. So nake mutanen Tama su ga na tashi da mota cike da kaya, kada a ce yunwa ta kore ni da 'yar jaka a kafaɗa. Don haka na saida gonar tudu da ubana ya bar mani. Garka ma da na haɗa da ita, kakarka ce ta zauna bakin rijiyar ta ce sai dai in saida su tare da ita. Na loda gadon ƙarfe, da akwatuna biyu, da keken ɗinki, da kwanonin innarka, har da turmi. Asumana, har turmi, kamar babu itace a Abijan.

Duk inda munka sauya mota, kuɗin kaya ya fi na mutane. Madawa haka, Ƙwanni haka, Doso haka. Kafin mu shiga Yamai kuɗin gona ya kusan ƙarewa, ga rabin hanya ba mu yi ba. Tun daga Doso A'i ta fara zawo. Munka sauka a tashar Yamai ƙarƙashin wata rumfar kwano, kayanmu tule kusa da mu. Na kai ta likita, anka duba ta, anka rubuta mani takardar magani. Na je farmasi, anka faɗa mani kuɗi, abin da ke aljihuna bai kai ba.

Wani mai sayen tsoffin kaya ya zo ya taya gadon ƙarfe. Abin da ya ba ni bai kai rabin yadda na saye shi ba, amma ya ishe magani har da saura. Innarka ta ce, "Malam, ka ba shi, ko nawa ne." Na ce mata mutumin ya ga muna cikin matsi ne yake son ya cuce mu, ta bari gobe wani zai zo da ya fi shi. Ta koma kan yarinyar. Washegari babu wanda ya zo. Da hantsi na bi mutumin har rumfarshi, ya rage daga abin da ya taya jiya, na karɓa. Na ruga farmasi, na sayi maganin, na dawo tasha. Tun daga nesa na ga mata sun kewaye innarka, na ga ta rufe fuskar yarinyar da gefen zanenta. Maganin na hannuna.

An gaya maka ciwo ne ya ɗauke ƙanwarka a hanya. Gaskiya ne, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare, na yarda da wannan. Amma ni na san wuni guda da na tsaya ciniki a kan gado. Mutanen da ba mu san sunansu ba sunka taimake mu munka rufe ta, yau ko an kai ni wurin ba zan gane kabarin ba. Ba mu ga Abijan ba. Munka saida sauran kayan munka juyo da keke kaɗai, kuma kunya ta hana ni komawa Tama, shi ya sa ka tashi a Buza. Shekara ashirin da wani abu ke nan, innarka ba ta taɓa tada maganar ba, ko cikin fushi. Da ta zage ni sau ɗaya, ina jin da na fi samun sauƙi.

To ka ji. Jaririyarka yau watanta nawa? Ka lissafa da kanka, sannan ka lissafa kwanakin da ke tsakanin Madawa da Gigimi bisa mota, da ruwan da za ta sha a hanya. Ka tafi kai ɗaya, da jaka guda da tabarma da littattafanka. Ka bar Zali da yarinya su taho nan gida, ɗakinka na nan, hatsin da zai ci da mu zai ci da su. In ka isa, ka ga wurin, ka ga ruwansu da likitansu, albashi ya shiga hannunka ba sau ɗaya ba, sannan a yi maganar tahowarsu. Gado da kujeru ka bar su wurin maƙwabta. Babu wanda zai tsaya bakin hanya yana ƙirga kayanka, in ma akwai, ba shi zai kwana da kai a tasha ba. Ka ware wani abu daga kuɗin hanya, innarka za ta ɗinke maka shi cikin ƙugun wando. Wannan ba na kaya ba ne, ba na abinci ba ne, na ciwo ne. Ran da ciwo ya zo kuwa, kada ka tsaya ciniki da kowa.

Garka kuma ka koma wurin mai albasa ka ce mashi ubanka bai yarda ba, ka ɗora laifin a kaina. Duk lokacin da za ni Tama sai na ratsa ta gefen tsohuwar gonarmu. 'Ya'yan wanda ya saye ta ke nomanta, yaran kirki ne, suna aje hauya su gaishe ni da ladabi. Kuɗin da na karɓa a kanta bai yi kwana goma a hannuna ba.

Saura maganar rediyo. Wagga ka san wani abu daga cikinta, amma lokacin kana Tawa wurin koyon aikin malanta, abin da ya iske ka guntu ne.

Da anka buɗe siyasar farti-farti, kowa a garin nan ya zama mai magana. Ni majalisar bakin kasuwa ba ta ishe ni ba, don na iya boko, sai na shiga rubuta ma rediyo. Ran da anka fara karanta sunana, har gida mutane sunka zo yi mani barka. Sai wani mai saurare daga wajen Tasawa ya maido mani amsa, ya ce ɗan Buza bai san abin da yake faɗi ba. Ban san shi ba, ban san ko yaro ne ko tsoho. Na maida mashi, ya maido mani. Kowace amsa sai ta yi makonni kafin a karanta ta, ni kuwa duk tsawon makonnin nan da mutumin nake kwana, da shi nake tashi. Kuɗin tambur na aika wasiƙa da na pil, batirin rediyo, sunka fi kuɗin goron da nake ci. Ɗinkin mutane ya taru ina ta ba su haƙuri. Zan faɗa maka abin da ya fi ba ni kunya: har cikin salla nake shirya amsar da zan ba shi, sai liman ya yi sallama in rasa raka'a nawa munka yi.

Lokacin ne kawunka Alhaji Ila, yayan innarka, ya bar fartinmu ya koma wancan, wanda mutumin Tasawa ke karewa. A majalisa na ji ana cewa kwangilar ɗaukar hatsi anka ba shi. Ban tambaye shi ba. Na ga na samu misalin da zan kada abokin gardamata da shi. Na rubuta cewa 'yan wancan farti cikinsu suke bi, ga shi ma a unguwarmu akwai wani mai kamiyo, babbar motar kaya, da ya juya riga rana tsaka saboda an ba shi kwangila. Ban sa suna ba, na ga kamar na yi wayo. Na kai gidan waya, makonni sunka wuce ba a karanta ba, har na manta da ita.

Ana saura kwanaki kaɗan Salla, Alhaji ya zo shago da shadda, tashi da ta 'ya'yanshi. Na auna shi, ya zauna bisa benci muna hira, igiyar awo na wuyana, mutane cike da rumfa, rediyo na magana. Sai na ji, daga Malam Hamidu tela, Buza. Na san wace takarda ce tun kafin a shiga layi na biyu. Na so in miƙa hannu in kashe rediyon, hannun ya ƙi tashi. Mai karatun yana da murya mai daɗi, ya karanta ta a natse, kalma bayan kalma. Lokacin da nake rubuta ta ni kaɗai, gani nake magana ce ta hikima. Da na ji ta a bakin wani, gaban mutumin da ya ba ni ƙanwarshi, sai na ji ashe zagi ne tsirara.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hamidu, kamiyo nawa ke akwai unguwarmu?" Na ce guda. Ya ce, "Tsakanin ƙofarka da tawa taki nawa ne? Da ka tako ka tambaye ni." Ya sa takalmanshi ya fita.

Daga baya na ji gaskiyar. Babu wata kwangila. Abokinshi na ƙuruciya ne ya tsaya takara a wancan farti, ya ga ba zai iya juya mashi baya ba. Hatsin da anka gan shi yana ɗauka kuwa na rumbun tsimin wasu ƙauyuka ne, kuɗin mai kaɗai yake karɓa. Amma rediyo ta riga ta kai maganar inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba. Duk tashar da ya tsaya, Ƙwanni, Tawa, Maraɗi, sai wani ya ce ga mai juya riga na Buza. Mutumin Tasawa fa? Ko amsa bai maido ba. Takardarshi ta gaba da na ji, gaisuwar Salla ce yake aika ma abokanshi. Shi bai rasa komi ba, wataƙila ma bai saurari shirin ba ran nan.

Shekara uku ke nan ni da kawunka sai dai mu haɗu a jana'iza kowa ya dubi gabanshi. Innarka ita kaɗai ke zuwa gidan ɗan'uwanta, ta dawo ba ta ce mani komi ba. Ran sunan ɗiyarka ka tambaye ni don mi Alhaji ya zauna can nesa, na ce maka ƙafarshi ke ciwo. Ƙarya na yi maka.

Da na gama karanta takardarka ran Alhamis, na yi ta tunanin wa zai rage maka hanya. Na juya ta kowane gefe, mutum ɗaya ne a danginmu ke da mota. Jiya da hantsi na sa riga na tafi. Na iske shi a zaure shi kaɗai. Na yi sallama, ya amsa, bai nuna mani tabarma ba, na durƙusa a ƙasa. Na ce, "Alhaji, na zo ne kan abin da na yi maka. Ƙarya na ɗora maka gaban duniya, ban bincika ba. Ka yafe mani." Yana kallon ƙofa ya ce, "Sai kuma mi?" Ya san akwai saura. Na faɗa mashi maganarka.

Ya ce, "Asumana ɗan ƙanwata ne. Ko ba ka zo ba, in na ji, zan ɗauke shi. Ran Lahadi ta sama kamiyo zai kai siminti Damagaram, ta Madawa zai bi. Yaron ya jira bakin babban titin gudron da safe, gaba zai zauna kusa da direba. Akwai mutumina a Damagaram da zai sa shi motar Difa, hanyar Gigimi ke nan." Na fara godiya, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Hamidu, in don mota ka zo, ka samu mota. In don ni ne, da ba ka bari shekara uku sun wuce ba."

Gaskiya ya faɗa. Na tashi. Ya ce in gaida mutanen gida. Bai raka ni ƙofa ba.

Ɗana, taka takardar ta rediyo ta riga ta fita, babu mai maido ta. Mutumin da ka kira jahili ba za ka taɓa ganin fuskarshi ba, amma waɗanda ka ce suna zaune cikin biro, su sun san taka, kuma su ma suna da rediyo. Ban ce ƙarya ka yi ba, ban sani ba. Kai ka sani? Ka bincika, ko a fada wurin shan shayi ka ji? In akwai wanda ka san maganar ta taɓa shi, ka je ka same shi kafin Lahadi, yanzu da abin ke ɗanye. Kada ka ce sai ka dawo hutu. Ni ma haka na riƙa cewa, bayan Salla, bayan zaɓe, bayan damana.

Haƙƙinku na albashi ku nema, tare da 'yan'uwanka malamai, ta hanyar da kunka saba, ban hana ka ba. Abin da nake hana ka shi ne gardama da mutumin da ba ka gani. Ba za ka juya shi ba, shi ma ba zai juya ka ba, sai dai ya cinye maka hankalin da yaran lakwal ke jira. Can inda za ka baƙo ne kai, ko harshensu ba ka ji. Ka yi shekara kana saurare kafin a san wane farti kake so. In hannunka ya yi ƙaiƙayin rubutu, ka rubuta, ka aje takardar mako guda, sannan ka ba wani ya karanta maka ita da ƙarfi kana ji. In ka iya sauraronta har ƙarshe kanka a ɗage, ka aika. Sauran tambur ɗin ka rubuto ma Zali da innarka, su ne za su riƙa tsayawa bakin tasha suna tambayar direbobi.

Ran Juma'a innarka za ta taho Madawa ta taya Zali ɗaure kaya, su dawo tare ran Asabar. Kada ka yi mata maganar A'i. Ba ta san na faɗa maka ba.

In ka shiga kamiyo ka aika ma kawunka godiya ta bakin direba, in ka isa kuma ka rubuto mashi da hannunka. Ni zan koma gidanshi bayan ka tafi, ranar da ba ni da abin da zan roƙa wurinshi. Ko ya nuna mani tabarma ko bai nuna ba, zan koma.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sauke ka cikin mutanen kirki. Allah Ya tsare ka daga ciwon hanya da sharrin ƙarfe, Ya tsare bakinka da alƙalaminka. Allah Ya raya maka ɗiyarka, Ya maido mana da kai muna raye. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mani.

Ni ne mahaifinka,
Hamidu tela, Buza.